Ungulu: Ƙazantacciya Ce, Amma Banza Ce?

Mai tattakin safe da ya bi hanyar mahauta domin motsa jiki, a dā yakan iske ungulaye jere bisa rufin kwano, sun shanya fukafukai suna jiran rana ta yi zafi, iska ta ɗaga su. Yau idan ya ga guda ɗaya, sai ya ja birki ya ƙura mata ido, gama ta zama baƙuwa. Tun 2015 aka sa ungulun garuruwan nan cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba da masu sayen kanta domin tsafi sun cinye ta.

Wani zai ce, ina ruwan mai bi? Ai Littafin Firistoci sura 11 ya lissafta ta cikin masu ƙazanta. Haka ne. Amma cin namanta shari'ar ta hana. Ba ta ce a hallaka ta ba, balle a ce Mahalicci ya yi aikin banza. Shi ya ba ta ciki mai narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, tana kwashe ruɓar da mutum ke toshe hanci ya wuce, ba mai ce mata sannu.

Indiya ta ɗanɗana rashinta. Maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, haukan kare ya biyo su har cikin gidaje.