Kasaru Bayan Tafiyar Awa Ɗaya

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, da ƙyar jirgi ke cika awa ɗaya a sama. Kafin a gama raba ruwan sha, an fara sanarwar sauka. Shi ya sa nake yawan jin mutane masu tsoron Allah na gaske suna cewa kunya suke ji su yi kasaru bayan irin wannan tafiya. Wai wace wahala aka sha da har za a rage raka'a?

Ina ganin girman wannan kunya, amma ban yarda da hukuncin da ta haifar ba.

A cikin Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ƙayyade nisan kasaru da mil 48, abin da malaman yau ke lissafawa kusan kilomita 80. A zamaninsa tafiyar yini biyu ce ga ayarin raƙuma masu kaya. Tsakanin Kano da Abuja ya ninka haka fiye da sau huɗu, ko a miƙe aka auna. Kano zuwa Jidda kuwa wajen kilomita 3,400 ne. Kakanninmu sun bi ta Chadi da Sudan har Sawakin, wasu suka shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri, wasu ma can suka zauna har jikoki. Yau maniyyaci zai yi asuba a Kano, ya yi la'asar a Jidda. Lokaci ya ragu ƙwarai, ƙasar dai tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta.

Malaman usulu sun rataya hukuncin a kan tafiyar kanta, domin wahala ba ta da mudun awo. Ɗan dakon siminti a Kano ya fi fasinjan jirgi jigata nesa ba kusa ba, duk da haka raka'a huɗu zai yi a azahar. Da gajiya ce ma'auni, da kowa ya zama alƙalin kansa, mai ƙarfi ya cika, rago ya rage.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, tambayar ba sabuwa ba ce. Ayar kasaru a Suratun Nisa'i ta ambaci tsoron abokan gaba. Da aminci ya samu, Sayyidina Umar ya yi mamakin ci gaba da kasaru, ya tambayi Annabi (SAW). Amsar tana cikin Sahihu Muslim: sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Tsoro ya kau, rangwame bai kau ba. To don me sauƙin jirgi zai kawar da shi?

Saboda haka idan na sauka Abuja ba da niyyar zaman kwana huɗu ba, raka'a biyu nake yi. In kuma na bi limami mazauni, sai in cika tare da shi.