Neman Lissafi Rashin Ƙauna Ne?

A unguwar Kumbiya-Kumbiya da ke cikin garin Gombe, inda nake zaune da iyalina, wani abu ya faru wanda har yau bai bar zuciyata ba. Wata gwauruwa ta kwanta ciwo, likitoci suka ce sai an yi mata aiki. Wani saurayi mai himma daga cikin matasanmu ya ɗauki hotonta, ya rubuta halin da take ciki, ya saka a WhatsApp da Facebook tare da lambar asusunsa na banki. Kafin mako ya zagayo kuɗi sun shigo daga Kaltungo da Billiri, daga Jos da Legas, har da 'yan'uwa mazauna Ingila. Aka yi aikin, matar ta tashi. Sai ran wata Lahadi, bayan an tashi sujada, wata dattijuwa ta zumuntar mata ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, nawa aka tara gaba ɗaya, nawa kuma ya rage?" Yaron ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Mama, ashe ɓarawo kuka ɗauke ni?" Nan take mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce tsohuwar ta kashe masa gwiwa, waɗansu suka ce haƙƙinta ta nema. Ni kaina a ranar gefen yaron na tsaya, amma yanzu na sake tunani.

Karo-karo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun yi adashe tun kafin a san banki, kuma ba su taɓa neman takardar hukuma daga uwar adashe ba. Dalili kuwa a fili yake: an san gidanta, an san mijinta, an san rumfarta a kasuwa, in ta ci amana ba ta da inda za ta sa kanta. Idon unguwa shi ne dokar da ke tsare kuɗin. Abin da intanet ya yi shi ne ya ƙara wa hannun mai karɓa tsawo, har ya kai ƙasashen waje, amma bai ƙara wa idon mai bayarwa tsawo ba. Wanda ya aiko da kuɗi daga Legas bai san ko akwai gwauruwar ba, balle ya san abin da asibiti ya karɓa.

Wannan giɓin ne hukuma ta yi ƙoƙarin cikewa, bayan 'yan Nijeriya sun sha wuya. Mai karatu zai tuna da MMM, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ya bar gidaje da yawa cikin kuka. Ko kamfanoni na gaskiya ma sun yi tuntuɓe. Thrive Agric, wanda a wancan lokacin yake karɓar kuɗin jama'a ta intanet yana ba manoman Arewa iri da taki, ya kasa biyan masu zuba jari a kan lokaci a shekarar 2020, ya ɗora laifin a kan annobar korona. A watan Janairu na 2021 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet. Duk mai son buɗe dandali irin wannan dole ya zama kamfani mai rajista da hukumar, kuma a lokacin an ce sai yana da jarin da bai gaza naira miliyan 100 ba. Kamfanin da ke neman kuɗin jama'a zai nuna ya yi shekara 2 yana aiki, ko kuwa yana tare da gogaggen abokin hulɗa. An kuma sa iyaka ga abin da zai tara cikin wata 12: miliyan 50 ga mafi ƙanƙanta, miliyan 70 ga ƙarami, miliyan 100 ga matsakaici. Mutum irina da kai, wanda ba gwanin harkar jari ba ne, ba zai zuba fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara ba. A watan Maris na 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa irin damfarar MMM. Wata guda bayan haka CBEX ya rushe da kuɗin mutane, abin da ya nuna rubuta doka daban, bin ta daban.

Cikin ƙa'idojin nan akwai guda ɗaya da ta fi jan hankalina. Kuɗin da aka tara ba sa shiga aljihun mai dandalin, ba sa kuma shiga hannun mai nema kai tsaye. Ana ajiye su a asusun amana a wurin wani na uku, idan kuwa ba a kai mafi ƙarancin abin da aka ce za a tara ba, sai a mayar wa kowa nasa. Wato an raba mai roƙo da mai riƙo. Hukuma ba ta ce mai dandalin ɓarawo ne ba. Cewa ta yi kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai a ɗaki da kuɗin jama'a.

Amma fa waɗannan ƙa'idoji sun shafi masu zuba kuɗi don neman riba ne kawai. Gidauniyar jinya, da ta kuɗin makarantar maraya, da ta rufin majami'a, ba su shiga ciki ba. In an tabbatar da damfara akwai 'yan sanda da EFCC, sai dai wannan bayan ɓarna ta auku ne. Ashe kenan kuɗin da aka bayar don tausayi, waɗanda mai su ba ya jiran kome daga gare su, su ne suka fi rashin mai tsaro. Abin da ya rage musu shi ne lamirin mai karɓa.

Masu goyon bayan saurayin nan suna da hujja, kuma ba zan rena ta ba. Sun ce zumunci a kan yarda yake tsayawa, in aka fara bin kowane mai aikin alheri da biro da takarda, gobe ba wanda zai tashi ya taimaki kowa. Gaskiya ne kuma doka takan yi wa ƙaramin mutum nauyi. Matasa nawa ne a Gombe za su iya haɗa irin wannan jari don su buɗe dandali? Wani dattijo ma ya tuna mini cewa a Sarakuna ta biyu sura 12, ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan gyaran Haikali ba, domin amintattu ne. Na koma na karanta surar daga farko. Kafin a kai wannan aya, firistoci ne ke karɓar kuɗin hannu da hannu, kowa daga wanda ya sani, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara kome ba. Sai Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika kuma mutum biyu ne ke ƙirgawa, magatakardan sarki da babban firist. Bayan an kafa wannan tsari ne yarda ta sami wurin zama.

Manzo Bulus ma ya yi gidauniya wadda ta ƙetare teku, daga Makidoniya da Akaya zuwa ga matalautan Urushalima. Idan akwai wanda ya isa ya ce a yarda da shi kawai, ai shi ne. Duk da haka a Korintiyawa ta biyu sura 8 ya bayyana cewa ba shi kaɗai zai riƙe kuɗin ba: akwai Titus, akwai wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. Ba a tilasta masa ba, shi ya ɗaure kansa. Amincin da Allah kaɗai ya gani ya ishi mutum a ranar shari'a, amma bai ishi wanda ya aiko da kuɗin cefanensa daga nesa ba, domin shi ba ya ganin zuciya. Waɗansu kuma sukan fake da koyarwar Ubangiji game da yin sadaka a ɓoye. Wannan umarni ga mai bayarwa aka yi shi, don kada ya nemi yabo. Ban ga inda aka ba mai tarawa izinin ɓoye jimla ba.

Abin da na roƙi dattawanmu su yi bai kai nauyin dokar SEC ba ko kusa. Kada a tara kuɗin taimako a asusun mutum ɗaya. A buɗe wanda sai mutum biyu sun sa hannu. A faɗi tun farko nawa ake nema, ranar da za a rufe, da inda rara za ta tafi. Inda zai yiwu a biya asibiti ko makaranta kai tsaye, a karɓi rasit. In an gama a saka lissafin a daidai wurin da aka saka roƙon, tun da gani ya kori ji.

Shi kuwa saurayin, bayan mako biyu ya zo gidana da takardar bayanin asusunsa daga banki. Muka zauna a zaure muka bi ta layi-layi. Na gamsu bai ci ko kwabo ba. Sai dai albashinsa da kuɗin gwauruwar sun gauraya a wuri ɗaya, ya biya Keke Napep da magani da abincin masu jinya ba tare da ya rubuta ba, har akwai wani adadi da shi kansa ya kasa tuna inda ya shiga. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, to yanzu me zan gaya wa Mama?" Na ce ya kai mata takardar yadda take, ni zan raka shi.