Ɗan Sa-Kai da Ladan Kuturu

Duk abin da masana wasanni suka sani game da jikin ɗan Adam, a jikin wani suka koye shi. Wani ne ya hau injin gudu da takunkumi a fuska har numfashinsa ya ƙare. Wani ne ya miƙa cinyarsa aka soka allura mai kaurin fensir, aka ɗebo tsoka kamar ƙwayar shinkafa. Mutanen nan lafiyarsu ƙalau, ba magani suka zo nema ba. Ana kiransu 'yan sa-kai, ni kuwa abin da ke damuna shi ne yaushe sunan nan yake zama gaskiya.

A 1966 wasu likitoci biyu 'yan Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka sa keke ɗaya a tsakaninsu, kowa yana tuƙawa da ƙafa ɗaya har ta gaji tilis. Suka yi kwanaki suna cin abinci mai yawan sitaci, ana ɗibar tsokarsu ana aunawa. Ƙafar da ta wahala sai ta tara makamashi fiye da wadda ta huta, kuma daga nan masu gudun dogon zango suka koyi cika ciki da taliya kafin gasa. Waɗannan babu mai shakkar yardarsu, don sun san allurar, sun san zafinta. A shekarar nan kuma, a Dallas ta Amurka, samari biyar 'yan shekara 20 suka kwanta a gado mako uku cur. Ƙarfin jikinsu na jan iska ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar ta fi tsufan yi musu illa. Ilimi ne mai amfani, ba a samunsa sai wani ya ba da jikinsa.

Ɗaya ɓangaren shi ma a fili yake. A Jamus ta Gabas, a shekarun 1970 da 1980, masu horarwa sun riƙa ba 'yan mata ƙanana ƙwayar Oral-Turinabol suna ce musu bitamin ne, likitoci na rubuta sakamako. Wannan zalunci ne, ba ya buƙatar muhawara.

Wahalar tana tsakiya. Mai bincike ba ya bin gida-gida. Inda 'yan wasa suke taruwa yake zuwa, wato ƙungiya ko makaranta. Binciken da aka yi a Tunisiya a 2006 da tallafin FIFA, kan yadda azumin Ramadan ke shafar matasan 'yan ƙwallo, da 'yan wasan ƙungiyoyi aka yi shi. Tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma ban ce an tilasta wa kowa ba. Amma mu ɗauka irinsa za a yi a Maraɗi ko Damagaram. Mai horarwa ya tara yara ya ce: "Ga baƙi sun zo, wa zai taimaka?" Shi ne mai zaɓen wanda zai buga ranar Lahadi. Wane yaro ne zai ce a'a? Mu da aka rena da kara, aka koya mana cewa kallon idon babba ma rashin kunya ne, "to" ɗinmu sau da yawa ladabi ne kawai. Mai bincike zai koma da takarda mai sa hannu, wataƙila ma da Faransanci aka rubuta ta, ya ɗauka ya sami yarda. Ƙa'idar Helsinki, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fara fitarwa a 1964 ake kuma sabunta ta, ta hango wannan: idan mutum yana ƙarƙashin mai binciken, wani dabam ne zai nemi amincewarsa. A ganina mai horarwa ya fi kowa cancantar a fitar da shi daga ɗakin.

Sai maganar kuɗi. Wasu na cewa kada a biya ko sisi, don kada a sayi mutum. Ban yarda ba. In ba a biya ba, mai sauƙin hali ne kaɗai zai zo, shi ya sa yawancin wannan ilimi a jikin samari ɗalibai na Turai da Amurka aka gina shi, mata ma ba su kai rabi ba. Ɗan kokowar da zai bar gona ko kabu-kabu na yini guda, a biya shi yininsa. Sai dai ga tarkon: mun tashi da jin cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar bincike kuwa ta ce kana iya janyewa ko da allura na kan hanya, ba tare da ba da dalili ba. Bahaushen da ya karɓi kuɗi ba zai ji haka a ransa ba, zai cije ya ƙarasa don kada a ce ya ci amana. Saboda haka rubuta 'yancin a takarda bai isa ba. A biya shi kowace rana da ya zo, a faɗa masa da baki, da harshensa, cewa abin da ya karɓa nasa ne ko ya dawo ko bai dawo ba.

Mu ma masu magana a rediyo muna ciki. Mai sauraro a ƙauye yakan ɗauki sanarwa tamkar shaidata ce, kuma mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba. Don haka in aka kawo mini sanarwar neman 'yan sa-kai, kafin in buɗe makirfo zan tambaya wane kwamiti ya amince da ita, wa zai ɗauki nauyi in wani ya ji rauni, kuma ko za a dawo a gaya wa mutanen abin da aka gano a jikinsu. In an amsa, zan karanta, tare da maganar allura da gajiya, ba gwajin lafiya kyauta kaɗai ba.