Caca Da Sa'a: Ina Iyakar Kirista?

Tun shekarar 2000 da Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci aka haramta caca a fili. Amma abin da aka kora daga kasuwa ya dawo ta wayar hannu. Yau saurayi a Anka, Gummi ko Bukkuyum yana iya zuba kuɗin takin gonarsa a loto ba tare da ya fita ɗakinsa ba. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu: shin neman arziki ta hanyar sa'a zunubi ne?

Bari mu fara da lissafi. A irin loton da aka fi sani a ƙasarmu, kamar Baba Ijebu na kamfanin Premier Lotto, lambobi 90 ne, ana fid da biyar. Mai caca yakan zaɓi biyu. Ana iya haɗa lambobi biyu daga cikin 90 ta hanyoyi 4,005, goma kaɗai ke ci. Wato sau ɗaya cikin kusan 400. Wanda ya ci, akan ba shi ninki 240 na abin da ya zuba. To, idan mutum 400 suka zuba Naira 100 kowannensu, an tara Naira 40,000. Bisa lissafi mutum ɗaya zai tafi da Naira 24,000, sauran Naira 16,000 kuwa na kamfani ne. Mai neman lambobi uku damarsa ɗaya ce cikin 11,748. Mai neman biyar ɗin duka, ɗaya cikin 43,949,268. Kamfani ba ya bukatar magudi, gama tsarin wasan ne ya ba shi riba.

A bayan wannan kuma akwai 'yan damfara. Wani zai sayar maka da lambar da ya ce ba ta kuskure, ko takardar lambobin da suka fito a makonnin baya. Amma ƙwallayen da ake juyawa ba su tuna abin da ya fito jiya. In da mai sayarwar ya san lambar, da kansa zai buga. Wani kuma zai aiko saƙo cewa ka ci kyauta a gasar da ba ka taɓa shiga ba, sai dai ka fara biyan kuɗin rajista ko ka faɗi lambar sirrin katin bankinka. Duk kyautar da sai ka biya kafin ka karɓa, tarko ce. Ba mu manta da yadda MMM ta rufe asusun jama'a a Disamba 2016 ba.

Me Ikkilisiya ta koyar? Jefa ƙuri'a a kanta ba mugun abu ba ne. Da ƙuri'a manzanni suka zaɓi Matiyas, da ƙuri'a kuma sojoji suka raba rigar Ubangijinmu a gindin gicciye. Bambancin yana cikin nufin zuciya da abin da aka sa a kai. Katakizim na Ikkilisiyar Katolika na 1992, a sashe na 2413, ya nuna cewa wasan sa'a yana zama laifi idan ya hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda ke wuyansa, ya kuma yi gargaɗi cewa jarabar caca tana iya zama bauta. Wanda ya sayi tikitin reful a bikin godiyar girbi ya ba da kuɗinsa ne don aikin coci, bai sa rai su dawo ba. Amma magidancin da ya buga kuɗin makarantar ɗansa ya taɓa haƙƙin da ba nasa kaɗai ba.

Wani zai ce: talaka ba shi da wata ƙofa, a bar shi da begensa. Mun ji nauyin wannan magana, domin talauci da rashin tsaro sun raba mutanenmu da yawa da gonakinsu. Sai dai ƙasarmu ta san tsadar bege irin wannan. A 2010, a Abare, Dareta, Bagega da Yargalma, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Iyayen nan ba 'yan caca ba ne, guminsu suke nema, kuma ba su san akwai guba a ƙurar ba. Mai caca kuwa, yanzu da ya ga lissafin, ba zai ce bai sani ba, kuma a nan ma yara ne ke fara ɗaukar asarar.

Don haka muna roƙon zumuntar mata da ta matasa su ƙarfafa adashi, inda kowa ke karɓar abin da ya zuba. Wanda jarabar ta kama kuma, kada mu yi masa dariya. Mu raka shi wurin Fada, mu taimaki iyalinsa. Da ma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ubangiji ya koya mana mu roƙi abincin yini, ya kuma ba mu hannuwan nemansa. Allah ya sa wa guminmu albarka. Amin.