Ɗana, Kafin Ka Ɗaga Murya

Ɗana, na lura kana sha'awar mutanen da ba sa shakkar faɗin abin da ke ransu a gaban kowa. To, zauna ka ji labarin Byang Kato, ka ga abin da irin wannan ƙarfin hali yake ci wa mutum.

An haife shi a Kwoi, ƙasar Jaba, a 1936. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi don ya zama mai kula da tsafin gargajiya. Da ya fara zuwa makarantar mishan ta SIM, uban bai so ba, sai yaron ya riƙa haɗa noma da karatu. Yana ɗan shekara 12 ya karɓi addinin Kirista. Ka riƙe wannan da kyau: addinin gargajiyar da ya yi ta rubutu a kansa daga baya, a cikin gidansu ya san shi, ba wani Bature ne ya ba shi labari ba.

Sannan ya daɗe yana karatu. Ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja a 1957, ya je Landan, ya dawo ya zama babban sakataren cocin ECWA a 1967, ya wuce Dallas a Amurka ya yi digirin dakta. Sai a 1975 littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito, inda ya ja da manyan malamai irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu. Yana ganin suna cuɗanya bishara da addinin kakanni, har ana neman a ce kowace hanya tana kai wa ga ceto. Masu sukarsa suka ce tunanin Amurkawa ya haɗiya. Ni ma ina ganin akwai wuraren da ya tsananta. Amma littattafan su Mbiti ya buɗe, ya bi maganarsu shafi-shafi kafin ya mayar da martani.

Kai kuwa, ɗana, da ka ji guntun wa'azi na minti biyu a waya, sai ka hau Facebook ka yanke wa malami hukunci. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Wanda za ka soka, fara karanta shi har ƙarshe, ka iya faɗin hujjarsa yadda shi kansa zai yarda haka yake nufi.

Kato ya nutse a teku kusa da Mombasa a Disamban 1975, yana da shekara 39. In hanya ta kai ka Jos, ɗakin karatun makarantar JETS sunansa yake ɗauke da shi. Ka shiga, ka nemi littafinsa, ka haɗa da na Mbiti.