KUJERAR KAKAKI ARO CE: SHIN YA HALATTA A RIƘE TA DA SHIRU?



Mu ɗan leƙa Majalisar Dokokin jihar Kano. A 2015 Kabiru Alhassan Rurum ya zama Kakaki. A Yulin 2017 ya yi murabus, Yusuf Abdullahi Ata ya hau. A Yulin 2018 aka tsige Ata, Rurum ya dawo. A 2019 Abdul'aziz Garba Gafasa ya karɓa, ya sauka a Disambar 2020, Hamisu Chidari ya gaje shi. Kujera ɗaya ta sauya hannu sau huɗu cikin ƙasa da shekara huɗu!

Ban kawo sunayen bayin Allahn nan don in yi musu hukunci ba. Halin kujerar nake so mu gani. Sashe na 92 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa ikon cire Kakaki. A majalisa mai mutum 40, mutum 27 sun isa. Ka kwana Kakaki, ka wayi gari an ɗauke maka jiniya.

To wanda ke kan irin wannan kujera, kullum zuciya tana raya masa abu guda: lallaɓa kowa. Alhali a gabansa ake amincewa da kasafin kuɗi, a tantance kwamishinoni, a sahale wa gwamna ciyo bashin da jikokinmu za su biya.

Sau da yawa ina jin 'yan siyasa suna cewa: "Malam, in na yi magana cire ni za a yi, a kawo wanda ya fi ni lalacewa. Gara in zauna in rage ɓarna." Gaskiya wannan uzuri ba na banza ba ne, domin malamai sun yi bayanin ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Amma fa yana da sharaɗi. Wace ɓarna ka rage? Lissafo mana. Wane bashi ka tsaya sai da aka faɗi inda za a kashe shi? Wane asibiti aka saka a kasafi, ka bi sawu har ka ga an gina? In shekara huɗu ta wuce babu amsa ko ɗaya, ai ba ɓarna ka rage ba, kujera ka yi wa gadi.

Kuma shirun ma ba ya hana a sauka. Mai magana zai sauka, mai shiru zai sauka. Bambancin shi ne abin da kowa ya buga wa guduma, don shi zai bi shi har kabari.

Mu ma talakawa da namu. In muka cika ƙofar gidan ɗan majalisa da takardun asibiti da katin biki, ba wanda ya tambaye shi wace doka ya kawo, mun koya masa cewa aljihunsa muke so, ba amanarsa ba. Daga ina muke zaton zai samo kuɗin?

A fahimtata, wanda ba zai iya rabuwa da kujerar nan saboda gaskiya ba, bai cancanci hawanta ba tun farko.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tambayarsu cikin ladabi. Amin.