Hukuncin Karanta Littafin Ban Tsoro Ga Wadda Mafarki Ke Firgitawa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce daga Jahun. A ambaliyar 2022 ɗakinmu ya rufta cikin dare, ƙanina ɗan shekara shida ya rasu a ciki. Tun lokacin nake mafarkin ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kwanan nan ƙawata ta turo mini wani littafi ta WhatsApp, labarin yarinyar da dodo ke bi cikin barci. Ji nake kamar ni aka rubuta, amma in na karanta ba na runtsawa. Inna ta ce shi ke jawo mini aljanu, kuma karanta ƙarya haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan ƙaninki, ya sa mai ceto ne.

'Yata, ƙagaggen labari ba ya shiga ƙaryar da shari'a ta hana, domin ƙarya ita ce a faɗi abin da bai faru ba don a yarda ya faru. Marubuci da mai karatu kuwa sun san tatsuniya ce. A zaurukanmu har gobe ana karanta Muƙamar Hariri, wanda ya rasu a 516 bayan hijira, alhali Abu Zaidi, gwarzon littafin, mayaudari ne da Hariri ke saƙa wa labarai. Mu ma da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam muka tashi, da aljanun da ke ciki, ba mu ji malamin da ya ce a ƙona shi ba. Hadisin Bukhari da ya yi narko a kan mai ƙirƙiro mafarkin da bai gani ba, yana magana ne a kan wanda ya ce shi da kansa ya gani. Bai shafi mai labari ba.

Inda littafi ke haramta shi ne in yana koyar da surkulle da ɗalasimai, ko yana ɗaukaka boka a matsayin mai biyan buƙata, ko akwai batsa, ko ya sa mutum makara sallar asuba. Ki duba naki da wannan ma'auni.

To amma ko da ya tsallake, ke hukuncinki daban ne, kuma nan nake so ki nutsu. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da rai ya wuni yana juyawa sai ya taso cikin barci. Ruwan da kike gani a ƙarƙashin ƙofa kin taɓa ganinsa ido biyu. Ya riga littafin zuwa, don haka ba littafin ya kawo shi ba, kuma babu dalilin da ya nuna karatun labari na kiran aljani. Sai dai littafin yana fama miki gyambo, ke da bakinki kin ce yana hana ki barci. Cutar da kai kuwa hananniya ce, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa Malik. Zuma halal ce, amma likita kan hana mai ciwon suga. Saboda haka ki ajiye shi yanzu, musamman da dare. Kin ga kin yi wa Inna biyayya ke nan, ko da dalilinta bai zama nawa ba. Kada kuma ki tura wa wanda kika san zai firgita, Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan tsorata Musulmi.

In kin farka a razane, ki yi a'uziyya, ki yi tofi sau uku ta hagu, ki juya kwanciya, in kin iya ki tashi ki yi nafila. Hanin da aka yi na ba da labarin mugun mafarki, don kada a yi ta yayata shi ne ana fassara miki yadda aka ga dama. Ba ya hana ki gaya wa likita, wannan neman magani ne.

Ina nanata likitan domin a garuruwanmu na bakin kogin Hadejiya, da yarinya ta fara firgita sai a ce gamo ta yi, a turara mata hayaƙi, wani lokaci har da duka. Ruƙiyya da Alƙur'ani gaskiya ce, ki riƙa yi wa kanki. Amma firgicin da ke biyo bayan masifa ciwo ne sananne. Abu Zaidi al-Balkhi, da ya rasu a 322 bayan hijira, ya ware babuka a kan tsoro da baƙin ciki da maganinsu a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. Ki je babban asibitin Jahun tare da Inna, ki faɗi yadda daren ambaliyar ya kasance da tsawon lokacin da kika ɗauka ba barci. In sun tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin Dawanau ne a Kano, kada sunan ya ba ku tsoro.

Wallahu a'alam.